Jirgin Rakiya a Mashigin Ingila: Sharhi Kan Hidimar da Muka Saya Domin Ninƙayar Taimakon Masu Sikila

Duk wanda ya ƙudiri aniyar ƙetare mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa da ninƙaya, ko shi kaɗai ne ko cikin tawaga, wajibi ne ya ɗauki hayar jirgin rakiya mai rajista, kuma kuɗin wannan jirgi shi ne kaso mafi tsoka a cikin dukkan abin da zai kashe. Mu shida muka haɗu, dukkanmu mazauna Birtaniya, muka yi ninƙayar karɓa-karɓa daga gaɓar garin Dover na Ingila zuwa gaɓar Faransa domin tara gudummawa ga wata gidauniya da ke tallafa wa yara masu cutar sikila. Wannan sharhi ya shafi hidimar da matuƙin jirgin da mataimakinsa suka yi mana, tun daga ranar da muka biya kafin alƙalami har zuwa ranar da suka sauke mu a tashar Dover. Na sakaya sunan matuƙin da na jirginsa, domin akwai wuraren da zan yi ƙorafi, kuma yawancin ƙorafin nawa ya shafi yadda sana'ar take gudana ne baki ɗayanta.

A inda mashigin ya fi tsukewa, wato tsakanin Dover da wani tsinin ƙasa da ake kira Cap Gris-Nez a Faransa, nisansa kimanin kilomita 33 ne. Kyaftin Matthew Webb ne ya fara ƙetare shi ba tare da wani abin taimako ba a watan Agustan 1875, cikin awa 21 da minti 45, sannan Ba'amurkiya Gertrude Ederle ta zama mace ta farko a 1926. Ƙungiyoyi biyu ne a yau suke tantance ninƙayar, suke kuma da jerin matuƙan da suka amince da su: Channel Swimming Association, wadda aka kafa a 1927, da Channel Swimming and Piloting Federation, wadda ta zo daga baya. Matuƙan ba su da yawa, kowannensu kuma mai zaman kansa ne, saboda haka yarjejeniyar kuɗi tsakanin mai ninƙaya da matuƙi ake ƙulla ta kai tsaye, ita ƙungiya nata shi ne rajista da takardar likita da turo mai sa ido da zai tabbatar an bi ƙa'ida.

Abu na farko da zai ba sabon shiga mamaki shi ne dogon layi. Lokacin ninƙaya gajere ne, daga wajen ƙarshen Yuni zuwa Satumba ko farkon Oktoba, lokacin da ɗumin ruwan kan kai digiri 14 zuwa 18 a ma'aunin Selsiyas, kuma ko a cikin waɗannan watanni ba kowane mako ake so ba. An fi rububin kwanakin da cikar teku da janyewarta suke da rauni. Wanda ya saba lissafin watan Musulunci ba zai sha wahalar gane su ba, domin suna faɗawa ne wajen kwana 8 da kwana 23 ga wata, alhali kuwa a tsayuwar wata da cikarsa ruwan kan yi ƙarfin gaske. A kowane irin wannan zango matuƙi yakan karɓi mutum uku ko huɗu, ya jera su na ɗaya, na biyu, na uku, kuma na ɗaya ne ake fara yi wa tayin ranar da yanayi ya yi kyau. Mai son gurbi na ɗaya a wurin matuƙin da ya yi suna sai ya kama shi shekara biyu ko uku kafin lokacin. Mu gurbi na uku muka samu. Matuƙin bai ɓoye mana ma'anar haka ba, ya faɗa mana tun farko cewa idan iska ta cinye rabin kwanakin zangon, mai yiwuwa ne layi ba zai zo kanmu ba, kuma wannan gaskiya da ya faɗa kafin ya karɓi ko sisi ita ce ta sa muka amince da shi.

Kuɗin hayar irin wannan jirgi ya haura fam dubu uku, na wasu ma ya zarce dubu huɗu, ban da kuɗin rajista da na zama mamba a ƙungiya, da kuɗin gwajin likita, da masauki a Dover a tsakiyar lokacin hutu sa'ad da ɗakuna suka fi tsada. A nan ne ƙorafina na farko yake. Kafin alƙalamin da muka biya, wanda kaso ne mai kauri, an rubuta a yarjejeniya cewa ba a mayar da shi, kuma abin da takardar ta ce game da zangon da iska ta ɓata gaba ɗaya bai wuce layi biyu ba, waɗanda suka bar komai a hannun matuƙi. Na fahimci hujjarsa, domin shi ma yana biyan inshora da kuɗin ajiye jirgi a tasha da gyaran inji ko an fita ko ba a fita ba. Duk da haka, a ganina bai kamata hidimar da ake biya wa irin wannan kuɗi ta bar mai saye yana dogaro da kirkin mai sayarwa kaɗai ba. Namu matuƙin ya nuna kirki, amma ba takarda ce ta tilasta masa ba.

Kafin a yarda mutum ya shiga ruwa sai ya kawo shaidar gwaji. Mai ninƙayar shi kaɗai zai yi awa shida a ruwan da ɗuminsa bai wuce kimanin digiri 16 ba, 'yan tawaga kuma nasu gwajin ya fi gajarta. Masu shiri da yawa a tashar jiragen Dover suke atisaye a ƙarshen mako, inda 'yan sa kai suke zama a bakin gaɓa suna ƙirga masu shiga da masu fita. Wannan ba ya cikin hidimar matuƙi, amma ya tambaye mu saurin kowannenmu a cikin awa ɗaya, ya rubuta, kuma daga baya na gane cewa da waɗannan alƙaluma ya tsara lokacin tashinmu.

Ainihin abin da muka saya bai bayyana ba sai da zangonmu ya zo, muka tare a Dover. Kowace yamma matuƙin yakan duba hasashen yanayi sannan ya kira shugabar tawagarmu, kuma kwanaki a jere amsarsa ɗaya ce: ba yau ba. Muna zaune kamar manomin da ya gama sharar gona yana duban gabas, hutun da muka ɗauka a wuraren aiki yana ƙarewa, kuɗin masauki yana hauhawa. Abin da ya fi ci mana rai shi ne, a wasu ranakun rana tana haskawa, ruwan cikin tasha a kwance yake lumui, har ana hango gaɓar Faransa daga saman tsaunukan Dover. Da muka matsa masa, sai ya yi mana bayani a taƙaice cewa iskar kudu maso yamma tana kaɗawa a tsakiyar mashigin, kuma idan ruwa ya juya ya fuskanci iskar, igiyoyi gajeru masu tsini suke tashi waɗanda ba sa barin mai ninƙaya ya ja numfashi ba tare da ya kwankwaɗi ruwan gishiri ba.

Ya kamata masu ninƙayar neman taimako su yi tunani sosai a kan wannan batu, domin matsin da ke kansu ya fi na kowa. Wanda ya zo don kansa, idan aka ɗage, shi kaɗai ya yi asara. Mu kuwa mun riga mun sanar da duniya, 'yan uwa da abokan aiki da jama'ar masallatanmu sun riga sun zuba kuɗi, iyayen yaran da gidauniyar ke kula da su suna aiko mana da addu'o'i, wayoyinmu kuma ba sa hutawa da tambayar yaushe za a shiga. Kunyar komawa gida hannu rabbana tana iya sa mutum mai hankali ya roƙi a fita da shi cikin yanayin da bai dace ba, ko kuma ya ƙi fitowa daga ruwa bayan jikinsa ya gaza. Mashigin nan ya ci rayuka, kuma daga cikinsu akwai Susan Taylor, wadda ta rasu a watan Yulin 2013 dab da gaɓar Faransa tana ninƙaya domin tara wa wani gidan jinyar yara da wata ƙungiyar masu ciwon sukari kuɗi. Matuƙin da zai iya kallon mutum shida da suka biya shi dubban fam, ya ce musu a'a ba tare da ya yi inda-inda ba, ya fi mini wanda zai faranta mana rai. A wannan fanni namu matuƙin ya ci cikakken maki. Da zangonmu ya ƙare ba mu fita ba, sai ya yi mana tayin wata rana a makon da ruwa ke da ƙarfi, yana mai cewa tawaga mai mutum shida za ta iya jure abin da mai ninƙayar shi kaɗai ba zai so ba, kuma bai ƙara mana ko kwabo ba.

Cikin dare muka bar tasha, jirgin ya kai mu kusa da Samphire Hoe, wani fili da aka cike da ƙasar da aka haƙo lokacin gina hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku. Ƙa'ida ita ce mai ninƙaya na farko ya sauka daga jirgi, ya yi iyo zuwa gaɓa, ya fito ya tsaya a busasshiyar ƙasa, sai a busa ƙaho ya koma ruwa, agogo ya fara. An maƙala masa koriyar fitila a bayan hularsa da wata a bayan wandonsa domin a riƙa ganinsa a duhu. Daga nan kowa awa ɗaya yake yi, a jere kamar yadda aka rubuta sunaye, kuma ba a yarda a sauya jerin ba ko da wani ya galabaita. Idan lokacin canji ya yi, mai karɓa yakan faɗa ruwa a bayan wanda ke ciki, ya wuce shi, sannan na farkon ya kama tsani ya hau.

Shi kansa jirgin ba wurin jin daɗi ba ne, kuma ƙorafina na biyu ke nan. Ƙaramin jirgi ne mai injin dizal, kuma da yake dole ya yi tafiya daidai da saurin mutum, wato kimanin kilomita uku a awa, sai ya riƙa tangal-tangal ba ƙaƙƙautawa. Rabin tawagarmu sun yi fama da jiri da amai duk da maganin da suka sha tun kafin tashi, kuma duk lokacin da iska ta juya, hayaƙin inji yakan sauka kan wanda ke cikin ruwa kafin a mayar da shi ɗaya gefen. Makewayin ƙunci ne da shi, hannun famfonsa kuma yana da gardama. Wurin da mutum zai sauya kaya cikin sutura babu shi, sai dai labulen da muka haɗa da manyan tawul domin matan da ke cikinmu. An ba mu butar dafa ruwa da murhu, amma abinci da bargo da duk wani abin ɗumama jiki namu ne, wanda hakan ya yi mana daidai tun da mun fi natsuwa da abincin da muka taho da shi. Ba na tsammanin ɗakin otal a tsakiyar teku, sai dai jerin abubuwan da za a taho da su, wanda aka aiko mana kafin tafiya, gajere ne ƙwarai, bai ko ambaci cewa makyarkyata mai tsanani tana kama mutum ne minti goma ko fiye bayan ya fito daga ruwa ba, lokacin da ya ɗauka ya tsira. Wannan a wurin 'yan atisayen Dover muka koya. Game da salla kuwa ba mu sami matsala ba: mataimakin matuƙin ya nuna mana alƙibla a kan na'urarsa, ya kuma share mana wani lungu, muka yi Asuba a zaune saboda tsayuwa ba ta yiwuwa.

Inda hidimar ta nuna darajarta shi ne tuƙin. Wannan mashigi yana cikin hanyoyin ruwa mafi cunkoso a duniya, manyan jiragen kasuwanci sama da 400 suke ratsa shi a kowace rana, kuma an raba shi gida-gida. Bayan ruwan gaɓar Ingila akwai layin jiragen da suka nufi kudu maso yamma zuwa Tekun Atlantika, sai wani siririn tsakani mai faɗin kimanin mil ɗaya, sai layin jiragen da suka nufi arewa maso gabas zuwa tashoshi irin su Rotterdam da Antwerp da Hamburg, sannan ruwan gaɓar Faransa. A kan wannan kuma ga jiragen fito da ke kai da kawowa tsakanin Dover da Calais da Dunkirk. Jirgin dakon kwantena ba ya iya tsayawa ko kaucewa nan take, saboda haka tun yana da nisa matuƙinmu yake lissafin inda za mu haɗu da shi, yana magana ta rediyo da masu gadin gaɓar Dover, daga baya kuma da takwarorinsu na Faransa, wani lokacin ma da jirgin kansa domin ya ɗan karkata. Mu da ke kan bene abin da muke gani kawai shi ne katafaren bango na ƙarfe yana wucewa can gabanmu, sannan igiyarsa ta iso ta girgiza mu. A tsakanin nan ne kuma muka tarar da tarin ciyawar teku da halittun nan masu kama da lema da ake kira jelifish, waɗanda harbinsu ke da raɗaɗi amma yana wucewa.

Lissafi mafi wuya shi ne na juyawar ruwa. Kusan duk bayan awa shida ruwan mashigin yakan sauya alƙibla, ya ja mutum zuwa arewa maso gabas sannan ya dawo da shi kudu maso yamma, shi ya sa taswirar kowace ninƙaya take fitowa a lanƙwashe maimakon miƙaƙƙen layi. Mai tsananin sauri ba ya shan wannan wahala sosai, kamar Bajamushe Andreas Waschburger da ya ƙetare cikin awa 6 da minti 45 a 2023. Mai jinkiri kuwa ruwa yakan yi ta yawo da shi, kamar Jackie Cobell da ta shafe awa 28 da minti 44 a 2010, ta yi ninƙayar fiye da kilomita 100 kafin ta taɓa ƙasa. Burin matuƙi shi ne ya saita tafiyar yadda ruwan zai sauke mai ninƙaya a kan tsinin Cap Gris-Nez, domin wanda ya kuskure shi, gaɓar tana janyewa baya ta kowane gefe, sai ya ƙara awanni yana ganin Faransa da idonsa amma ba ya kusantar ta. Matuƙinmu mutum ne mai ƙarancin magana, har wasunmu suka ɗauka girman kai ne, domin awanni sukan wuce bai leƙo daga ɗakin tuƙi ba, kuma ba ya amsa tambayar saura nawa. Sau ɗaya tak ya fito da kansa, lokacin da muke dab da fita daga layin jirage na biyu, ya ce wa wanda zai shiga na gaba ya ba shi awa ɗaya da dukkan ƙarfinsa. Da yake bai taɓa neman haka ba tun da muka tashi, babu wanda ya yi gardama. Wannan awa ce ta shigar da mu ruwan gaɓa kafin ruwa ya juya, kuma ko da yake tsinin ya kuɓuce mana, mun sauka a yashin Wissant da ke kusa da shi bayan kimanin awa 14.

Mai sa idon da ƙungiya ta turo ba ma'aikacin matuƙi ba ne, amma tare suke aiki, kuma ta yi nata ba sani ba sabo. Tana rubuta lokacin kowane canji, da ɗumin ruwa, da ƙarfin iska, da yawan bugun hannun mai ninƙaya a minti ɗaya, wanda raguwarsa kwatsam alama ce ta cewa sanyi ya fara cin jiki. Ita ce kuma take tabbatar da cewa babu wanda ya taɓa jirgi ko ya sa rigar robar nan mai hana sanyi. Abin da aka yarda da shi shi ne kayan ninƙaya ɗaya marar hannu wanda bai sauka ƙasa da gwiwa ba, da hular roba ɗaya, da tabaran ruwa, da man shafawa. Ƙungiyoyin biyu sun ɗan bambanta a kan tsawon kayan, saboda haka duk wanda batun sutura ya dame shi, musamman 'yan uwa mata, ya karanta dokar kowace ƙungiya kuma ya rubuta musu tun kafin ya biya kuɗin jirgi.

Akwai abin da ba zan iya tsallakewa ba, ko da yake ba ya cikin hidimar. A wannan ruwa da muka biya kuɗi muka shiga da fasfo a jaka da jirgi a gefe, a nan ne 'yan gudun hijira, ciki har da 'yan Sudan da Eritiriya da dama, suke cunkushewa a kwale-kwalen roba suna neman isa Ingila, kuma a watan Nuwamban 2021 mutum 27 aka tabbatar sun halaka a hatsari ɗaya. A rediyon jirgin muna jin masu gadin gaɓa suna sanarwa a kansu. Matuƙin ya ce idan ya ga kwale-kwale cikin hatsari wajibi ne ya kai rahoto ya kuma bi umarnin da aka ba shi, ko da hakan zai kawo ƙarshen ninƙayarmu, kuma babu ɗayanmu da ya ga laifin wannan sharaɗi.

Saura batun da ya fi muhimmanci ga mai neman taimako, wato ko ribar ta kai wahalar. Ana yawan kawo misalin ɗan wasan barkwancin nan David Walliams, wanda ya ƙetare a 2006 ya tara wa shirin tara gudummawa na Sport Relief sama da fam miliyan ɗaya, amma shi yana da gidan talabijin a bayansa. Talaka irinmu dole ya zauna ya yi lissafi, domin idan aka haɗa jirgi da rajista da masauki da zirga-zirgar atisaye, tawaga tana iya kashe abin da ya kusa kai wanda za ta tara. Mu mun yanke shawara tun farko cewa kuɗin jirgi daga aljihunmu zai fito, muka raba shi shida, muka kuma rubuta haka ɓaro-ɓaro a shafinmu na JustGiving, dandalin tara gudummawa a intanet, domin wanda ya ba da fam goma saboda yaro mai sikila bai bayar don a sayi man dizal ba. Mun kuma roƙi masu biyan haraji a Birtaniya su amince da tsarin Gift Aid, wanda ke ƙara wa gidauniya fam ɗaya daga gwamnati a kan kowane fam huɗu da aka bayar. Shafin bin sawun jirgi da ƙungiya ta tanada a intanet ya taimaka fiye da zatona, domin 'yan uwanmu a Kano da Zariya sun kwana suna kallon ɗigon jirginmu yana rarrafe a taswira, kuma a wannan yini ne gudummawa ta fi shigowa.

Ga tawagar da ta yi atisayen ruwan sanyi da gaske, kuma take iya biyan jirgi da kanta, ina ba da shawarar wannan hidima, har da wannan matuƙi duk da ƙarancin maganarsa da halin makewayinsa. Wanda kuma yake tunanin cire kuɗin jirgin daga gudummawar jama'a, gara ya nemi ninƙayar da ba ta bukatar hayar jirgi na kansa, kamar gasar Great North Swim da ake yi a tafkin Windermere. Kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya, a nemi matuƙin ya rubuta lambar gurbin da ya bayar, da abin da zai faru da kafin alƙalami idan zangon ya wuce ba a fita ba, da kuma ko zai karɓi cikon kuɗinsa idan shi ne ya dakatar da ninƙayar a tsakiyar ruwa. Namu ya ce zai karɓa, kuma yawancinsu haka suke yi.